Ɗazu Na Ji Tarinsa

Sai da kafinta ya sa kafaɗa sau uku sannan sakatar ta ɓalle, ƙofar ta daki bango. Zafi ne ya fara fitowa, sai wani wari da ya sa matan da ke tsaye a baranda suka ja da baya suna toshe hanci. Uwar Biyu ba ta ja da baya ba. Ita ta kira kafintan, kuma ɗakinta ne manne da wannan, don haka ita ta fara shiga.

Baba Agogo yana kwance a ƙasa tsakanin gado da teburin aikinsa, kuncinsa a kan siminti, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa. Idonsa a buɗe yake. Ta durƙusa tana kiransa, idon ya juyo wajenta a hankali. Leɓɓansa sun tsattsage, bakin ya karkace gefe guda, wani sauti ya fito wanda ba magana ba.

"Da ransa!" in ji ta. "Ku kawo ruwa! A nemo mota!"

"Kar a ɗura masa," in ji kafinta daga bakin ƙofa. "Zai shaƙe. A jiƙa masa leɓe kawai."

Ranar Lahadi ce, ƙarfe ɗaya na rana, kwana biyu da rufe makarantu.

Mutumin shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa, har idonsa ya gaza, mutane kuma suka koma duba lokaci a waya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun rasu sai ɗaya, wadda har yanzu yake kira Auta ko da yake ta ba talatin baya. Tana aiki a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Bara da ya zame a banɗaki ya gurɗe, Auta ta zo ta zaunar da shi da Uwar Biyu ta tsara musu doka: kullum ƙarfe shida na safe ya buga bangon da ke tsakaninsu da sandarsa sau uku, ita kuma ta amsa sau biyu. Ranar da ba ta ji ba, ta je ta duba.

"Ni za a dinga leƙawa kamar tukunya a kan wuta?" in ji tsohon a lokacin, yana hura hanci.

Amma ba a yi sati ba ya mayar da abin sarauta. Ya ce ba shi ake dubawa ba, shi ke tashin 'yan biyu su tafi makaranta, tunda uwarsu barcinta ya fi ƙarfin ƙararrawa. Gaskiya kuma ya faɗa. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Ita kuma wuni take a tsaye a gidan burodi tana ƙullawa a leda, in ta kwanta sai dai a ɗauke ta da katifar. Shekara guda cur bugun nan bai yi lattin minti ɗaya ba, har Asabar da Lahadi.

Ranar Juma'ar da aka ba da hutu, yaran suka dawo da takardun sakamako. Babba a cikin 'yan biyun ta wuce zuwa aji huɗu. Ƙarama za ta maimaita. Tun daga ƙofar makaranta take kuka, ba don faɗuwar ba, sai don za a raba ta benci da 'yar'uwarta. Uwar Biyu ta ji kamar ita aka kayar. Da yamma ta tasa su gaba zuwa wajen tsohon, kamar yadda aka saba duk ƙarshen zango. Ya maƙala gilashin nan nasa na ido ɗaya da yake duba cikin agogo, ya bi takardar layi-layi.

"Wannan ai ba lalacewa ta yi ba," in ji shi. "Latti take yi kaɗan. Ki turo min ita a hutun nan mu zauna da lissafi."

"Allah ya saka, Baba." Ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa, gajiya ta sa ta tsokane shi. "Amma don girman Allah gobe a bar mu mu yi barci. An tashi makaranta, bangon ma ya samu hutu."

"Bangon ne ya kawo ƙara?" Ya yi dariya har da tari. "To, na ji."

Washegari ba ta farka ba sai ƙarfe takwas, rana ta riga ta shigo ɗaki. Ta yi miƙa ta ce a ranta, kai, tsohon nan Allah ya yi masa albarka, yau ya ji magana. Ko kusa ba ta kawo komai ba. Ta mance sarai cewa bugun ba don makaranta aka ƙirƙire shi ba.

Wunin Asabar ɗin kuwa ba a cewa komai. Ta zazzage jakunkunan makaranta, ta jiƙa riguna da safa na zango guda. Yaran suka yi faɗa sau biyu, don Babba ta ce wa Ƙarama "'yar aji uku". Uban ya kira daga hanya, ya ji labarin sakamako, ya ce ai dama, uwar da ba ta zama a gida me ake jira. Ta ajiye wayar, ta koma kan baho. Wajen ƙarfe huɗu wayar ta sake ƙara. Ta ɗauka da hannu duk kumfa, ta maƙale ta a kafaɗa. Auta ce.

"Yaya, ina wuni? Ina ta kiran Baba tun safe ba ya ɗauka. Lafiya dai?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ɗazu ma na ji tarinsa. Kin san shi da waya, tana can ƙarƙashin matashi."

"To alhamdu lillahi. Wallahi gabana ne yake ta faɗuwa. Ki gaishe min da shi."

"Zai ji."

Ba ta zauna ta shirya ƙarya ba. Bakinta ne ya faɗi abin da baki ya saba faɗa in an tambayi lafiyar wani, ya kuma ƙara ɗan gishiri don hankalin mai tambaya ya kwanta. Kowa yana yi. Niyyarta tana gama shanya ta leƙa shi, taku goma ne tsakanin ƙofarta da tasa. Sai Ƙarama ta taka fasasshiyar kwalba, aka shiga neman auduga da tsumma, abinci ya kama a tukunya, rana ta faɗi.

Ranar Lahadi ma shiru, ta sake cewa hutu ne. Sai da rana ta take tsaka tana tsefe wa Babba kai ta ga sha biyu ta yi a wayarta, ta tsaya da tsinke a hannu tana sauraro. Babban agogon bangon tsohon, wanda yake murɗa wa makulli kullum da safe, wanda ke buga awa har cikin ɗakinta, bai buga ba. Ta yi ta tunani yaushe ta ji shi na ƙarshe, ta kasa tunawa. Ta fita ba takalmi.

Auta ta iso asibiti ranar Litinin da hantsi, da kayan aikinta a jiki, idonta ya kumbura. Ta ga ubanta, ta fito, ta faɗa jikin Uwar Biyu.

"Yaya, ba don ke ba da a ɗakin nan zai cika shi kaɗai. Da me zan biya ki?"

Uwar Biyu ta kasa ɗaga hannu ta riƙe ta. Likita ya zo, wani siriri da gajiya a fuska, ya tambaya yaushe aka san shi da lafiya na ƙarshe.

"Asabar da yamma," in ji Auta da sauri. "Maƙwabciyarsa ta ji tarinsa. Ga ta nan."

Likitan ya dubi takardar hannunsa, ya ɗaga mayafin ya dubi gyambon da siminti ya yi wa tsohon a kwatangwalo, sannan ya dubi Uwar Biyu. Bai daɗe yana kallonta ba.

"Asabar da yamma," in ji shi, ya rubuta. "Irin wannan shanyewar jiki, awannin farko su ne komai. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Kwana uku tsohon ya yi a gadon. Uwar Biyu ta ɗauki izini a wajen aiki, ta bar yaran wajen matar tela da ke ɗakin da ya fuskanci nata, kullum tana asibiti. Ita ke jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe, ita ke juya shi. Duk inda ta yi idon nan yana binta. Sau ɗaya da Auta ta fita sayen magani ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, "Baba, ka yafe min." Idon bai canza ba. Ba ta san ko ya ji ba, ba ta kuma san ko yafiyar ce a ciki ko tambaya. Ranar Laraba da ƙarfe goma na safe numfashin ya yi ta ja da baya, har ya tsaya.

Bayan an binne shi mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Duk wanda ya zauna sai Auta ta nuna masa Uwar Biyu. Wannan ita ce 'yarsa ta gaskiya, ni suna ne kawai. Ita ta sa aka fasa ƙofa. Mata suna ta sa albarka, suna cewa irin wannan maƙwabtaka ta ƙare a duniya. Kowace addu'a sai ta ji ta kamar an ɗiga mata ruwan zafi a baya. Abinci ya daina wuce mata. Rannan tana wanke kofuna Ƙarama ta matso ta ce, "Mama, ai ranar Asabar Baba bai buga ba, ko?"

"Rufe min baki!" Ta daka mata tsawar da yarinyar ba ta taɓa ji ba, har kofi ya suɓuce mata. Yarinyar ta ja ƙafarta mai bandeji ta koma ɗaki.

Ranar da Auta za ta koma, ta ce Yaya ta zo ta taya ta kintsa ɗakin, sai ƙarshen wata za ta dawo da mota ta kwashe kayan. An wanke simintin da sabulu har sau uku, amma wurin da ya kwanta ya fi sauran duhu. Suka zauna a bakin gado suna naɗe ƙananan agoguna a tsofaffin jaridu suna jerawa a kwali. Akwai na mutanen da suka kawo gyara tun shekaru ba su dawo ba, kowanne da 'yar takarda a ɗaure.

"Abin da ke kwantar min da hankali ɗaya ne," in ji Auta. "Kwana ɗaya kawai ya yi a ƙasa. Da na ji an ce biyu ne, ban san yadda zan yi da raina ba."

Uwar Biyu ta ajiye jaridar. Tana iya yin shiru, ba mai tona ta. Likita ba zai biyo su gida ba, tsohon kuma ya tafi da abin da ya sani.

"Auta, ban ji tarinsa ba."

"Na'am?"

"Ranar Asabar. Ban ji komai ba. Bai buga da safe ba, na ɗauka don an yi hutu ne, ni na ce masa ya bar mu mu yi barci. Da kika kira ina wanki, sai kawai bakina ya faɗa. Na ce zan leƙa, ban leƙa ba. Rabon da wani ya ji motsinsa tun Juma'a da yamma."

Auta ba ta ɗago ba. Ta ƙarasa naɗe agogon da ke hannunta, ta lanƙwasa bakin jaridar a hankali, ta sa a kwali. Can ƙasa yara suna buga ƙwallo a titi, ana jin ihunsu ta taga.

"Lambar mai shagon ƙasa tana wayata," in ji ta, muryarta a kwance. "Shi zan kira bayan ke, ya hau ya duba. Har na nemo lambar. Da kin ce min ba ki sani ba, Yaya. Shi ke nan fa, ba ki sani ba."

"Ki yafe min, don Allah."

"Da lafiya ƙalau kawai kika ce, da ban yarda ba, kowa haka yake cewa. Tarin ne. Na san tarinsa, sai na ji shi a kunnena. Har barci na yi ranar."

Uwar Biyu ta zame daga gadon ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. Auta ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce ta tashi ba. Ta ci gaba da naɗe agogunan ɗaya bayan ɗaya har kwalin ya cika, ta ja igiya ta ɗaure.

Da la'asar ta fito da jakarta. Kafinta ya riga ya mayar da sakata, ta sayo sabon kwaɗo mai makulli biyu. Matan gidan suka fito yi mata sallama. Ta datse ƙofar, ta jijjiga kwaɗon, ta zare makulli ɗaya ta jefa a jaka. Ta juyo da ɗayan a hannu. Uwar Biyu ce ta fi kusa da ita, har ta goge tafinta a zani ta fara miƙawa.

Auta ta wuce ta gabanta zuwa wajen matar tela.

"Inna, ga shi. Ki dinga buɗewa ɗakin yana shan iska, kafin na dawo."

Ta yi wa kowa sai wata rana, ta shafa kan 'yan biyu da ke tsaye a bakin matakala, ta sauka. Aka yi ta jin takunta har ƙasa. Matar tela ta sunkuyar da kai, tana ta ƙulla makullin a bakin zaninta, ƙulli ɗaya, biyu, uku, ba ta dubi kowa ba.