Motar Usaini Ta Yi Zafi a Hanyar Wasagu

Ranar Laraba Maijidda ta fara fita da motar mijinta, kwana shida bayan ta gama takaba. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, wadda Usaini ya saya da ya bar aikin soja, ya yi shekara goma sha ɗaya yana jigilar hatsi da ita tsakanin Zuru da ƙauyuka. Da ya rasu a farkon damina, amininsa Yari makanike ya zo ya ce a kai ta garejinsa, kada ruwa ya yi ta dukanta a ƙofar gida. Maijidda ba ta ja ba. Yari ne ya yi wa Usaini wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. In ba a ba shi makulli ba, wa za a ba?

Dawa ce ta fito da ita. Usaini ya shuka gonarsa ta kusa da Wasagu kafin ciwo ya kwantar da shi. Yayanta Hamma ne ya nome, ya girbe, ya ɗaure dami-dami ya tara a tsakiyar gona. Sai mai gari ya sa aka yi shela cewa ran Juma'a za a saki shanu su shiga gonaki cin kara, duk wanda ya bar hatsinsa a fili bayan nan kada ya kawo ƙara. Dawar nan ita ce tuwon 'ya'yanta huɗu na shekara. Sawu uku ce a mota, hanyar kuwa ba ta barin a yi fiye da sawu biyu a yini, kuma ba mai bin ta bayan faɗuwar rana. Motocin haya duk an kama su, lokacin kaka ne.

Suka karɓo motar daga garejin Yari, suka fito bayan sallar asuba, Hamma na tuƙi, ita tana gefensa. Ba su yi nisa da gari ba, a hawan farko, mota ta fara ja da ƙyar tana tari. Maijidda ta ji zafi yana ratsa silifas ɗinta daga ƙasa, ga wani ƙauri kamar an manta tukunya a wuta ba ruwa.

"Hamma, tsaya. Wani abu na ƙonewa."

"Allurar zafi ba ta tashi ba," in ji shi, amma ya gangara gefe ya kashe.

Rana ba ta fito ba tukuna, don haka da ya ɗaga murfin inji suka gani sarai. Ƙarfen nan da ke manne a gefen inji, wanda hayaƙi ke bi ya shiga salansa, ya yi jawur kamar fartanya a wutar maƙera. Hamma ya sunkuci jarkar ruwa.

"Kada ka zuba," ta ce. "Marigayi ya ce ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake."

"To mi za mu yi, Jidda? Mu gasa masara a kai?"

Ta ciro waya ta kira Yari. Ya ɗauka da fara'arsa ta kullum.

"Matar aboki, an tashi lafiya? Har kun kama hanya?"

Ta gaya masa abin da suka gani. Ya ce, "Ai dama injin nan ya gaji, marigayi ne ke lallaɓa shi. Ku bar ta nan. Yau ina da lodi zuwa Sakaba, in na dawo gobe in duba. Amma shawarar ɗan'uwa, ki rabu da ita. Akwai masu sayen tsohon ƙarfe, zan yi miki magana."

Gobe Alhamis. Maijidda ta yi masa godiya ta kashe wayar, ta tsaya tana kallon motar. Usaini bai taɓa ce mata injin ya gaji ba. Har ciwo ya kama shi yana cewa motar nan za ta aurar da Surayya, babbar 'yarsu.

Hamma ya tare ɗan kabu-kabu ya koma gari. Da hantsi ya dawo da Gabriel, wani dattijo da ya yi aikin gyaran motoci a soja, bariki ɗaya da Usaini. Yanzu injin niƙa da na ban-ruwa yake gyarawa a bayan kasuwa. Ya sauka da jakar sifanoni, ya cire hula.

"Matar Kofur, ya haƙuri? Ban ƙara ganinki ba tun ranar uku."

"Haƙuri sai ma'aiki, Baba Gabriel. Ga amanar abokinka ta ƙi tafiya."

Ƙarfen ya huce a lokacin, ya koma fari-fari kamar toka. Gabriel ya ce sunansa manifol, kuma ba shi ne mai laifi ba. "Shi bawa ne, abin da aka ba shi yake ɗauka. Mu nemo mai ba shi wutar."

Ya buɗe lagireto, ruwa cike. Ya ja fanbel da yatsa, lafiya lau. Ya sa Hamma ya tayar, ya zagaya baya ya kara tafin hannu a bakin salansa.

"Na yi zaton zanzaro ya yi gini a ciki. Mota in ta daɗe a ajiye haka suke mata, hayaƙi ya rasa hanyar fita. Amma wannan numfashinta na fita. Kashe."

Ya kwance filogi ɗaya ya nuna mata. Bakinsa fari fat. Ya kwance na biyu, haka.

"Kin gani? Mai bai isar ta, iska ta yi mata yawa. Yunwa take ji."

"Tanki cike yake," in ji Hamma. "Ni na zuba da hannuna."

"Kai ma rumbunka na iya cika ka kwana da yunwa, in mai rabon tuwo ba ta da kirki."

Ya sunkuya kan kafireto, wato abin da ke gauraya mai da iska. Ya daɗe a nan. Ya sa farce ya jawo wani abu daga ƙarƙashinsa, sai ga guntun kwalin sabulu da aka yanka aka cusa a madadin gasket, shimfiɗar da ke hana iska shiga ta mahaɗa. Ramukan kusoshin ma ba su dace ba, an fafe ɗaya da ƙarfi. Ya koma kan dilko, mai raba wa filogi wuta, ya kama kansa ya girgiza. Abin na rawa kamar haƙorin tsoho, an ɗaure gefensa da waya.

"Wannan shi ne na biyu. Wuta na zuwa a makare, sai mai ya fito waje ya ƙarasa ci a cikin manifol. Kamar ki hura itace a bayan murhu, tukunya na can tana jira. Da kun ƙara mil biyu, wayoyin nan su kama, da sai dai ku tsira da ranku."

Daga nan ya daina wasa. Ya ciro tsumma ya goge jikin kafireton, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can. Ya goge dilkon shi ma.

"Matar Kofur, ina ɗigo uku?"

Maijidda ta san abin da yake nufi. Tun a bariki, inda kayan kowa iri ɗaya ne, Usaini ya saba sa ƙusa ya buga ɗigo uku a jikin duk abin da ya mallaka. Bokitinta na ƙarfe na da su, tukwanenta na da su, har cokalin miya. Gabriel ya nuna mata su a jikin lagireto, ya nuna mata a murfin inji. A kafireto da dilko babu. Batirin ma da ya duba, ba shi ne wanda ya raka Usaini saye bara ba.

"Wa ya riƙe motar nan?"

Hamma ne ya ce, "Yari."

Gabriel ya shiga mayar da filogi. Ita kuwa wani abu ya faɗo mata. Yari na da mota irin wannan sak, shuɗiya, wadda ta fi shekara a kan duwatsu a garejinsa, kaji na ƙwai a cikinta. Tana cikin takaba ya zo zaure ya ce mata Allah ya rufa asiri, motarsa ta tashi. Daga bayan labule ta yi masa barka, ta yi masa addu'a Allah ya sa abin arziki ce. Ranar sadakar arba'in a cikin motar nan shuɗiya ya kawo tabarmi da buhun shinkafa, mutane suna ta cewa kowa ya samu aboki irin Yari ya gode Allah.

Gabriel ya ɗan juya dilkon, ya toshe inda iska ke shiga da robar tsohon tayar keke, suka lallaɓo gari suna tafiya suna tsayawa. Rana ta kusa take tsaka suka isa garejin. Motar Yari na tsaye an gama ɗora mata buhunan gishiri, masu kaya biyu na zaune a inuwa suna jira. Yari ya fito yana goge hannu. Da ya ga Gabriel sai fara'ar ta ragu.

"A'a, matar aboki, ai da kin jira ni. Kin wahalar da Baba a banza."

"Malam Yari, buɗe mini gaban motarka."

"Lodi ne a kai, ga mutane na jira. In na dawo..."

"Murfi ba a ƙarƙashin gishiri yake ba. Buɗe."

Ya dubi Hamma, ya dubi masu kaya. Ya yi 'yar dariya ya ce su mata dai sai a bar su, sannan ya buɗe. Maijidda ba ta jira kowa ba. Ta sa gefen mayafinta ta goge jikin kafireton. Ɗigo uku suka fito a jere. Ba ta goge dilkon ba, daga inda take tana hango su.

Yari ya matso kusa ya rage murya.

"Aro na yi, wallahi aro ne. Kaya na zaune suna tsatsa, ni kuma iyali na jira. Na ɗauka sayarwa za ki yi, mace mi za ta yi da a-kori-kura? Da Usaini na da rai da kansa zai ce in ɗauka."

"Da yana da rai da ka tambaye shi. Ni ina raye, ka zo zaurena ya fi sau goma."

"Ban so in dame ki kina cikin takaba."

"Da safen nan ba na takaba. Ka ce in sayar wa masu tsohon ƙarfe." Muryarta ba ta tashi ba. "Abu ɗaya nake so ka gaya mini. Kwana nawa da binne shi ka sa sifana?"

Yari ya sunkuyar da kai yana murza tsumma. Ba ta sake tambaya ba, ta tsaya tana jira. Can ya ce, "Bayan bakwai ne."

Sai kuma ya ɗago da sauri kamar wanda ya tsinci mafita. Ya ce a sauke gishirin nan yanzu, ta ɗauki motarsa yadda take, Hamma ya ja, su yi sawu ɗaya kafin magariba, gobe su yi biyu. Kwance kaya da mayarwa zai cinye yinin yau duka. In an gama kwashe dawa sai a zauna a yi magana ta 'yan'uwa.

Hamma ya ja ta gefe. "Jidda, maganar nan tasa gaskiya ce. Sawu ɗaya dami talatin ne. Karɓi, in dawa ta shigo gida kya yi fushinki."

Ta san gaskiya ce. Ta kuma san in dawar Usaini ta shigo gari a bayan motar nan shuɗiya, gobe a bakin masallaci za a sake cewa kowa ya samu aboki irin Yari ya gode Allah. Maganar 'yan'uwa kuma ta san inda take ƙarewa, a ce mata ta yi haƙuri.

"Baba Gabriel," ta ce, "kwance kayan abokinka ka mayar inda suke. Kada ka bari wani ya sa maka hannu."

Ta samu benci ta zauna. Masu gishiri suka sauke buhunansu suna mita, suka tafi neman wata mota. Yari ya shige rumfarsa bai ƙara fitowa ba. Sai bayan la'asar Gabriel ya gama, ya sayo gasket sabo, ya daidaita wutar da kunne yana juya dilko kaɗan-kaɗan har inji ya kwanta. Suka hau wancan hawan suka sauko sau biyu, ya buɗe ya duba, manifol na nan baƙi yadda ya kamata.

Ranar Alhamis suka yi sawu biyu. Da suka gama lodin na biyu rana ta karkata, ga sauran dami a tsakiyar gona, ga shanu can bakin rafi an fara matso da su. Hamma ya ƙi kallonta.

"Tuwon wata huɗu ke nan kika bari, Jidda."

"Na sani."

Ta taka zuwa gonar maƙwabta inda mata ke kalar gyaɗa. Ta ce musu duk wadda za ta iya ɗaukar dami a ka zuwa cikin gari kafin duhu, rabi nata, rabi ta ajiye mata. Mata biyar suka taso, kuma ta san ba za su kwashe ko rabin abin da ya rage ba. Ta tsaya har suka ɗauki na farko, tana tunanin Usaini ya tafi kabari yana ganin ya bar ta a hannun ɗan'uwa. Shi ya huta da sanin wannan, ita aka bar wa.

Hamma ya danna mata oda. Ta juyo ta shiga mota.