Masu Karatun Baba

Baba ya kira ni da sassafe, ya ce in zo yanzu-yanzu. Na ɗauka wani ne ya rasu, ashe kaji ne za su mutu.

Tun da ya yi ritaya daga koyar da aikin gona ya buɗe shafin intanet yana ba masu kiwo shawara. Jiya ya wallafa yadda ake haɗa wani maganin kaji, yatsansa ya zame ya rubuta cokali goma maimakon ɗaya. Yau ya zo gyarawa, shafin ya yi kememe. Ya danna "Wallafa", ɗan ƙwallon jira da ke kan allo ya yi ta juyawa, daga nan shiru.

"Auta, mutum dubu arba'in ke karanta ni," in ji shi ina shiga falo. "Kin san yawan kajin da zan kashe kafin azahar?"

Na ja kujera na buɗe bayan shafin a kwamfutarsa, inda ake sarrafa shi, na kama baki. Ƙananan manhajojin nan da ake ɗora wa shafi don ƙarin aiki, Baba ya jibga har ashirin da bakwai. Shi dai in an ce kyauta ne, an gama da shi. Akwai mai zubo taurari daga sama, akwai mai carar zakara in an buɗe shafi, akwai mai faɗin yanayin wata ƙasa da ko a mafarki bai taɓa zuwa ba.

"Baba, shafi ne wannan ko ɗakin shirgi? Biyu daga ciki ne ke faɗa da juna. Sai an kashe su ɗaya bayan ɗaya, ana gwadawa."

"Ban da zakaran."

Da zakaran na fara. Na danna, ƙwallo ya juya, shiru. Na kashe taurari, haka. Ina kashewa ina yi masa wa'azi a kan kwaɗayin kayan banza, har da ɗaga yatsa, shi kuwa yana tsaye a kaina da gilashi a goshi yana neman gilashi. Sai da ashirin da biyar suka tafi, saura mai tsaron shafi, wadda ba a taɓawa, da wata guda ɗaya. Ina ganin sunanta wa'azina ya ƙare.

Wannan ni na sa ta, shekara uku da suka wuce, lokacin da Baba ke wuni a tabarma ba ya magana da kowa. Aikinta ɗaya: ta rufe ƙidayar gaskiya ta masu karatu, ta ɗora dubu arba'in a kai. Tun ranar ya koma aske gemu da guge riga. Ban taɓa sabunta ta ba, ita kuwa mai tsaron ta sabunta kanta jiya, suka sarƙe.

"Me kike jira?" in ji Baba.

Na yi tunanin in aike shi kicin ya ɗebo min ruwa, amma idonsa na kan allon kamar an manna. Raina ya ɓaci, kunya ta kama ni. Na kashe ta.

Lambar da ke ƙasan shafin ta koma sha ɗaya.

Baba ya lalubo gilashin daga goshi ya sa, ya duba da kyau. Na soma kame-kame, ya ɗaga min hannu.

"Su ma sha ɗayan suna da kaji," ya ce. "Danna."

Na danna, gyaran ya fita nan take. Ya bi layin da yatsa har ya ga cokali ɗaya, ya sauke numfashi ya zauna a gefen kujera.

"Ke kina cikin sha ɗayan?"

Cokali goman nan ya kwana ya tashi a shafin ban sani ba sai da Baba ya kira ni. Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

"To mayar min da zakarana."