Layin da Ivano Ya Binne

A gonar Ermes Bergamini, a bayan garin Ferrara na ƙasar Italiya, akwai dokar da ba a takawa. Idan an aurar da reshen fiya a kan kotonyo, itacen nan mai gajeriyar saiwa da ke sa fiya haihuwa da wuri, to kullin auren a saman ƙasa yake zama. Duk wanda ya binne shi, a wurin tsoho Ermes, bai san noma ba.

Ivano, mijin 'yarsa Nives, ya binne na layi guda cur a shekarar da ya shigo gidan. Direban bas ne a da, ina zai sani? Bishiyoyin suka yi tsawon banza, 'ya'ya kuwa sai an laluba. Tun daga nan, ko taliya ya miƙo a tebur sai tsohon ya ce, "Sannu, mai haƙan kabari."

Sai zafi ya riƙa zuwa irin wanda ba a saba ba. Saiwar kotonyo ta dahu a ƙasa, bishiyoyi suka bi juna suna bushewa. Ermes ya gaji, ya kira mai katafila don ya tuge gonar a shuka masara.

Nives ta ce ba da ita ba. Tana son gonar nan kamar ranta, ga taurin kai da ta gada wurin uban. Ranar da katafilar ta iso, ta jawo tsohon zuwa layin Ivano, wanda yake kore shar, ta tone gindin guda.

"Duba, Baba. Fiyar ta yi saiwar kanta a saman kullin, ta nutsa can inda sanyi yake. Mu tara wa sauran ƙasa, masu sauran rai za su tashi."

"Ni in binne kulli? A ce na tsufa na ruɗe?"

"Ai an daɗe ana faɗa. Masara ce za ta rufe bakin mutane?"

Ermes ya durƙusa da ƙyar, ya ja saiwar, ta ƙi motsi. Daga bisani ya ɗaga wa mai katafila hannu ya kashe inji, ya karɓi shebur, ya nufi wata bishiya mai rawayan ganye ya fara zuba ƙasa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ivano, ya isa haka?"

Ivano ya matso ya leƙa.

"Ƙara, Baba. Har yanzu ina ganin kullin."