Ranar da Sa'idu Ya Zo Na Ɗaya

Sa'idu ya sake danna birki a kwana, sauran motocin suka wuce shi fuu, wayar ta nuna masa ya zo na ƙarshe. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur da suka yi masa rumfa a gindin itacen bedin tashar Madarunfa suka kwashe da dariya.

"Kawu, wai mi kake ma birki?" in ji Anas, wanda ya sanya masa wasan tseren motocin a waya. "Mutanen ciki ba na gaske ba ne. Bi ta kansu."

"Ai na ga mutum bakin hanya."

"Zane ne, Kawu."

Abin ya ci wa Sa'idu rai ƙwarai. Ya yi furfura yana jan mota tsakanin Madarunfa da Maraɗi, bai taɓa taka ko kaza ba. Abin da ya mallaka ke nan a duniya, don motar ma ba tasa ba ce. Saboda wannan suna ne tsofaffi irin su Hajiya Zahara'u mai ƙuli-ƙuli suke barin motoci su cika su tashi, su zauna jiran layinsa. Amma ga shi yau yaran da aka haifa a kan idonsa suna ce masa shofer ɗin jaki, wai direban jaki.

Layinsa da saura, don haka ya koma cikin mota, ya ja ƙofa, ya duƙufa. Ya faɗi, ya sake, ya yi tsaki, ya sake. Duk sanda wani abu ya gitta, sai yatsan nan nasa marar jin magana ya tafi birki da kansa. Har zaginsa ya yi. Can wajen azahar yatsan ya horu: abu na gittawa sai ya ƙara wuta. Ya bi ta kan shinge, ya watsa tebura, ya tsallake layin ƙarshe shi kaɗai.

Ya fito yana ɗaga waya sama. "Anas, zo ka gani da idonka."

"To, yanzu ka zama direba, Kawu."

Daɗi ya kama shi, har da ɗan rangaji.

Aka kira layinsa. Mota ta cika, Hajiya Zahara'u a gaba kamar kullum, kwanon ƙuli-ƙulinta a cinya. Suka hau hanya, motocin wasan na ta gilmawa a idonsa har yanzu. Sun kusa Safo sai ga amalanken jaki ya fito daga gona, wata akuya na biye. Ƙafar Sa'idu ta ƙara wuta.

Ƙiftawar ido ce kawai, sannan ta koma birki. Mota ta yi ƙara, ta karkace, ta tsaya hancinta na shafar karan da ke kan amalanken. Mai jakin ya daskare da sanda a hannu. Akuyar na kwance a ƙarƙashin taya, ƙuli-ƙuli ya warwatse ta taga har bisa titi.

Fasinja suka yi ta salati. Sa'idu ya fito, ya ba mai jakin haƙuri kan akuyarsa, ya durƙusa yana tsince ƙuli-ƙuli cikin rairayi. Ga alama babu wanda ya ga abin da ƙafarsa ta yi. Wani ma cewa yake laifin mai jaki ne.

Hajiya ta karɓi kwanonta, ta ɗora a ka, ta tsaya gefen hanya.

"Hajiya, shiga mu tafi. Allah ya tsare."

"Ya tsare, ɗan nan." Ta dube shi, ba faɗa a fuskarta. "Ni ina gaba, idona na ƙasa, wajen ƙafarka. Ku je, in jira ta baya."

Sa'idu ya koma mazauninsa. Kujerar gaba ta tafi Maraɗi ba kowa.