Awa Huɗu na Safiyar Talata

"Rubuta, Ustaz," in ji Mahmudu Mailafiya. "Fara da kwanan wata, sama, hannun dama."

Na sa kwanan wata. Alhamis ce bayan la'asar, yana kwance a kan gadon igiya a inuwar rumfar tsakar gidansa, ƙafafunsa a kumbure. Kwana tara ke nan da aka sallamo shi daga asibiti, bayan likita ya ce ƙodar ta gaji. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da ɗaya a nan Gadarif. Ina koyar da 'yan aji biyar, shi ya sa duk takardar da za a rubuta a layinmu ni ake kira.

"Ka ce: ni Mahmudu, in Allah ya karɓi raina, ta'aziyya ta ƙare da binnewa. Kada a kafa rumfa, kada a yi zaman kwana uku."

Na ɗaga alƙalami. Ana yin haka a gari, amma ban taɓa ganin an yi a cikin danginmu ba.

"Yayarka Rabi'atu ta san da wannan?"

"Da ta sani, da ka ji muryarta daga gidanka. Rubuta."

Dalilin ba ɓoyayye ba ne a wurina. 'Yarsa Hajar, ita kaɗai ya haifa, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta muhasaba, wato ilimin akanta. Yaƙi ya riga ya ci mata shekara biyu da aka rufe makarantu. Saura mata takarda ɗaya, ranar Talata da ƙarfe tara, kuma wanda bai zauna ba sai baɗi. A al'adarmu 'yar mamaci ba ta barin tabarma har kwana uku su cika, domin duk macen da ta shigo, ita za ta fara nema ta rungume. Mahmudu ya duba jadawalin imtihan, wato jarrabawa, ya duba jikinsa, ya ga inda suka nufa.

Shekara talatin ya yi yana riƙe da littattafan wani babban mai noma a Simsim: man tarakta, buhunan dawa, ladan masu yankan riɗi da ke zuwa da kaka. A wurin aiki ya koya, ba shi da shahada, wato takardar shaidar karatu. Duk ƙarshen shekara sai a ɗauko wani mai digiri daga gari, ya juya shafukan cikin awa biyu, ya sa hannu, ya buga hatimi. Mahmudu ya kan ba da wannan labari ba tare da ɗaci ba, kamar mai faɗin farashin albasa.

Ya sa hannu a takardar. Sannan ya ce in ɗauko wata farar takarda.

"Wannan kuma ta mece ce?"

"Ihtiyaɗi. Mai lissafin da bai ware na ko-ta-kwana ba, yaro ne." Ya faɗa mini layi huɗu, na rubuta. Ya sa na ninke ta, na sa a aljihun da ba na farkon ba. "Kada ka fito da ita sai Yaya ta ƙi ta farkon. Ka bari ta gama faɗanta tukuna. In ka katse ta, ka ɓata aikin."

Muna cikin haka Hajar ta shigo da shayi a faranti, littafi a hammata. Ta ɗauko 'yar na'urar lissafinsa daga kan katanga, inda yake ajiye ta kowace safiya ta sha rana, don da hasken rana take aiki. Lambobin bakwai da sifili sun goge saboda yatsa.

"Baba, hasibarka za ta narke."

"Ta girme ki, ba ta narke ba. Wace takarda ta rage?"

"Muraja'a. Na gaya maka sau uku."

"Gaya wa Ustaz. Bai san me ake nufi ba."

"Binciken lissafin da wani ya haɗa ne, Ustaz," ta ce, tana zuba mini shayi. "A duba ko abin da ke cikin littafi shi ne abin da ke cikin sito."

"Ka ji ko? Na biya kuɗin makaranta don a zo a kama irina." Ya yi tari, ta gyara masa matashi. "Na ce mata banki. Akwai sanyi, akwai kujera. Ko ofishin haraji, ko kasuwar amfanin gona, nan kusa da gida. Ƙungiyoyin agajin nan ma suna ɗaukar masu lissafi. Ta ce a'a, sai bincike."

"Kai ne ka ce mai hatimi awa biyu yake yi."

"Na faɗa."

"To ni kwana biyu zan yi, in karanta kowane shafi."

"Za su daina kiranki."

"Masu gaskiya za su kira ni."

"Su nawa ne?" Ya rufe ido, bakinsa yana motsi kaɗan. "Tayyib. Je ki yi karatu."

Juma'a da Asabar ya ci abinci kaɗan. Lahadi bai ci ba. Litinin, rana ta ɗan ɗaga, ina sa takalmi zan tafi makaranta, na ji muryar Rabi'atu ta ƙetaro katanga tana salati. Na cire takalmin, na sa silifa, na zagaya.

Muka yi masa wanka, muka ɗauke shi a kan gadon igiyar nan, muka binne shi kafin azahar. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, baƙar ƙasar maƙabarta tana kama takalmi, kowa ya dawo ya fi tsayinsa.

Da muka iso layi, amalanken jaki yana tsaye a ƙofar gida da ƙarafunan rumfa da tamfol da kujeru. Rabi'atu, yayar Mahmudu, wadda ta riƙe gidan tun rasuwar matarsa, tana bakin ƙofa tana nuna wa masu rumfar inda za su haƙa. Na ce su dakata. Na nemi ta shigo ciki, na kira Hajar da limamin masallacinmu, na karanta takardar farko.

Rabi'atu ta saurara har ƙarshe.

"Ustaz Munir, kai ka rubuta wannan?"

"Ni na rubuta, Yaya. Shi ya faɗa."

"Kai da ke koya wa yara tarbiyya. Mahmudu daga sama ya faɗo? Mutanenmu na Basunda suna kan hanya a lori. Na Fashaga sun bar riɗi a tsaye a gona, riɗin da in ya wuce kwanansa sai ya zube a ƙasa, sun taho. In tare su a ƙofa in ce an gama? Su ce 'ya'yan Adamu, ubanmu, sun kasa dafa wa baƙi tuwo? Uwarmu kwana bakwai aka yi mata. Shi bai kai uku ba?"

Liman ya ce wasiyya abar girmamawa ce. Ta ce ta ji, Malam, amma Malam ba shi zai haɗu da matan Basunda a biki ba. Ta faɗi sunayen waɗanda Mahmudu ya je wa zaman makoki, ɗaya bayan ɗaya, har da na mahaifina. Duk gaskiya ta faɗa. Ban katse ta ba.

Hajar tana zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar gadon da aka dawo da shi.

"Goggo, ki bar shi," ta ce. "Ba zan je ba. Ko na je ba abin da zan gani a takardar. Baɗi ma shekara ce."

Rabi'atu ta riga ta gama faɗanta. Sai na sa hannu a ɗaya aljihun.

"Akwai ta biyu, Yaya. Ya ce sai kin ƙi ta farkon."

Na karanta: "Yaya, na san za ki ƙi. Kafa rumfarki, ki ciyar da mutanen Basunda, kwana ukun naki ne. In ranar imtihan ta faɗo a ciki, awa huɗu kawai nake roƙo, daga takwas zuwa sha biyu. Ki zauna a gurbin Hajar, duk wadda ta tambaya ki ce ni na aike ta."

Rabi'atu ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ko da yake ba ta karatun boko. Ta duba sa hannunsa a ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Tun yana yaro haka yake," ta ce. "In akuya yake so, sai ya fara roƙon saniya." Ta goge fuska da gefen mayafi. Ta leƙa waje ta ce wa masu rumfar su ci gaba. Sannan ta juyo wajen Hajar. "Ke kuma kin ji. Aike ne. A gidan nan ba a ƙin aiken uba."

Lorin Basunda ya iso kafin magariba. Maƙwabta suka fito da farantan abinci, kowane gida da nasa, muka jera a ƙarƙashin rumfa. Duk wanda ya zo ya ɗaga hannu, mu ɗaga, a karanta Fatiha, ya nemi kujera.

Talata da ƙarfe takwas saura na tsayar da raksha, keken haya mai ƙafa uku, a bakin layi, don kada ta shigo cikin kujeru. Hajar ta fito ta ƙofar baya, idanunta a kumbure, ba jaka, sai katin jami'a da biro biyu da hasibar a hannu. Mazan da ke shan shayi a rumfa suka bi ta da ido. Wani dattijo daga Fashaga ya tambaye ni ina za ta. Na ce mahaifinta ne ya aike ta. Ya juya maganar a ransa, ya kurɓi shayinsa.

Matata ta ce a cikin gida Rabi'atu ta zauna a tsakiyar tabarma, ƙafa a miƙe. Duk wadda ta shigo tana neman 'yar mamaci, sai ta buɗe mata hannu ta ce, "Zo nan, ni ce ita har sha biyu." Wata ta fara cewa a zamaninsu ba a yin haka. Rabi'atu ta ce a miƙa wa Hajiya dabino.

Sha biyu da kwata rakshar ta dawo. Ina tsaye a ƙofata. Ban tambaye ta yadda ta kasance ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ustaz," ta sunkuyar da kai ta wuce. Jim kaɗan na ji kukan mata ya tashi sabo, na san ta koma gurbinta.

Da la'asar na shiga gidana ɗauko ƙarin kofuna. Daga tsakar gidana ana ganin saman katangar da ta raba mu. Hasibar tana can a inda ta saba, an juya fuskarta wajen rana.