Rabon Nama a Gidan Hajo

Tun daga zaure Hajo ta fara rangaɗa guɗa, har maƙwabta a Ƙofar Kwaya suka firfito. An sallamo jikanta Amiru daga asibiti! Yaron da ciwon huhu ya kusa ɗauke wa numfashi, ga shi a bayan uwarsa Kubura yana ta zillo a sauke shi.

"Inna, likita ta ce sinadarin zinki ne ya yi ƙaranci a jininsa," in ji Kubura. "Ta ce yaran da ba su da isasshe, mura kaɗan sai ta sauka musu ƙirji. Ga magani, kuma a riƙa ba shi nama da hanta da wake."

Hajo ta yi tsai. A gidan nan ita ke rabon nama, kuma yadda ta gada haka take yi: tsoka a kwanon maigida, yara su sha romo, don kada su tashi da kwaɗayi. Ga shi uban yaron, ɗanta Mannir, mahauci ne a Babbar Kasuwa.

Da yamma Mannir ya buɗe kwanonsa, ya ga tuwo da miya zalla. Ya leƙo tsakar gida, ya tarar da Amiru a cinyar kakarsa, kumatu duk maiƙo, tana yi masa kirari.

"Inna, naman fa?"

Hajo ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai ka gama girma. Sha romo, kada ka koyi kwaɗayi."