Ruwan Gurara a Bazara

Tun yana saurayi, lokacin da yake bin motar hatsi zuwa kudu, Maikuɗi na Yammedi ya taɓa ganin mafaɗar ruwan Gurara, kuma tun daga ranar bai bar kunnen kowa ya huta ba. Ruwa ne, in ji shi, yake zubowa daga kan dutse fari fat, da rugugi kamar aradu, feshinsa ya jiƙa maka riga tun kana nesa. 'Yan majalisa sun gaji sun yi shiru, ban da Sunusi, taubashinsa na Rogo, wanda duk ranar kasuwar Karaye sai ya biyo ya tsokane shi.

"Maikuɗi gwanin ƙari! Bara ka ce tsawonsa ya kai rimi, bana ya zama rimi biyu. Taki kake zuba wa ruwan nan?"

Sunan nan, gwanin ƙari, ya hana Maikuɗi sakat. Mutum da furfurarsa, a ce ko farashin masara ya faɗa sai an tambayi wani? Ya yi rantsuwa sai ya kai su sun gani, bakin kowa ya mutu.

To amma yaushe? Direban bas ɗin da zai kai su ya ce a je da damina. Maikuɗi ya harare shi, ya ce ciyawa ce za ta jira su? Da kaka ga girbi, ga sussuka. Aka shiga noman rani a bakin dam ɗin Challawa, tumatir kuwa ba ya son a juya masa baya. Sai da bazara ta tsaya, hannun kowa ya zama fanko, sannan aka cika bas bayan sallar asuba. Aka tsaya a Rogo aka ɗauki Sunusi, ya shigo riƙe da wata ƙatuwar lema.

"Saboda feshi," ya ce. "Rigar tawa sabuwa ce."

Suka sha zafi da gargada, ba su isa ba sai la'asar. Wani matashi mai suna Mu'az, ɗan jagoran masu ziyara, ya tare su da malafa a ka. Ya jera dattawa kamar 'yan firamare, ya soma zuba bayani, rabi Hausa rabi Turanci: kada a taka can, kada a jefa leda, ga inda ake ɗaukar hoto.

"Ɗan nan," in ji Maikuɗi, "ba lacca muka zo ji ba. Kai mu ruwa."

"Baba, ai ga shi kuna kallo."

Maikuɗi ya duba. Duwatsu baƙaƙe tsirara, ruwa yana silalowa a tsakaninsu siri-siri kamar an tsinka rawani. Babu aradu, babu feshi. Sunusi kuwa a hankali ya buɗe lemarsa ya shiga ciki.

"Ku matso, jama'a, kada ku jiƙe. Wallahi kwatar gidan Goggo ta fi wannan ƙara ranar wanki."

Dariya ta ɓarke. Maikuɗi ya juya kan Mu'az. "Ina kuka kai ruwan?"

"Baba, ba lokacinsa kuka zo ba. Da marka ake zuwa, wajen Agusta."

"Agusta! Wane manomin ne zai bar gona a Agusta? Ku ba ku da tsari ne?"

"Baba, ba ni nake sako shi ba."

Maikuɗi ya zauna a kan dutse, ya cire hula yana fifita. Ya riga ya ji yadda sunan zai bi shi har kabari.

Can sai ya lura dariyar Sunusi ta ɗauke. Mutumin manomin fadama ne, ya san sawun ambaliya in ya gani. Ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya yana kallon busasshen yayi da ruwa ya rataye a rassanta, can sama. Gaba kaɗan ga wani ƙaton gungume a maƙale a tsagin dutse, inda ko akuya ba ta hawa. Ya rufe lema, ya miƙa ta iya tsawon hannunsa, ko kusa ba ta kai ba.

"Kai yaro, wa ya ɗora wancan?"

"Ruwan bara ne, Baba."

Sunusi ya jima yana sosa gemu. Sannan ya ce, "To, jama'a ku shaida, na yarda da rimi ɗaya. Na janye gwanin ƙari. Rimi na biyu kuwa sai idona ya gani da marka."

Maikuɗi ya mayar da hularsa, ya miƙe kamar an ɗora masa sarauta. "Za ka gani! Bana ɗin nan!"

Damina ta sauka, Agusta ta zo. Ranar kasuwa Sunusi ya same shi a gona, tsamo-tsamo cikin masara, ya ce direba yana jira.

Maikuɗi ko ɗagowa bai yi ba. "Kai dai ba ka da hankali. In bar huɗa in tafi kallon ruwa? Ka riƙe rimi ɗayan, ya ishe ni."